Ɗan kwikwiyon da maigida ya kawo ya hana mu sakat

Tanti, ina yi miki sallama. Ni matar aure ce a nan Damagaram, ƴaƴana uku, kuma gida ɗaya muke da uwar mijina. Bayan ɓarayi sun haura mana katanga sun tafi da rago da akuya, maigida ya samo ɗan kwikwiyo wajen abokinsa, lokacin bai wuce sati biyar da haihuwa ba. Shi direba ne a hanyar Agadas, sai ya yi sati biyu ko uku ba mu gan shi ba, ɗawainiyar karen duk ta dawo kaina. Yanzu watansa huɗu, yara sun sa masa suna Duna. Ƙanen mijina ya ce in ana son kare ya yi zafi, a ɗaure shi bayan ɗaki kada ya saba da kowa, a riƙa zuba masa barkono a abinci. Mun ɗaure shi, barkonon ne kawai ban yarda ba. To da dare kuka yake har maƙwabta sun fara magana. In aka kwance shi sai ya bi ƙafafun yara da cizo, kuma sau biyu yana tattaune takalman Hajiya. Shekaranjiya haƙorinsa ya karce ƙafar ƙaramar ƴata har jini ya ɗan fito. Almajirin da ke zuwa karɓar abinci kuwa, da Duna ya hango shi sai ya ɓuya bayan randa yana gurnani. Hajiya ta ce kare ƙazanta ne, a kai shi daji a yar. Babban ɗana mai shekara tara ya ce in aka yar da Duna shi ma ya daina cin abinci. Mugun iri muka samo, ko mu ne ba mu iya ba?

Maman yara, Damagaram

Wa alaikumus salam, ƴar uwa. Sannu da fama. Kafin mu zo kan halin Duna, bari in fara da ƙafar yarinyar nan, don ita ce ba ta jira. Ba ki ce an yi wa karen allurar rigakafi ba, don haka na ɗauka ba a yi ba. Ki kai yarinyar asibiti yau, ki gaya wa likita haƙorin kare ne ya karce ta, da ranar da abin ya faru. Na fi zaton wasa ne kawai ya wuce gona da iri, amma ciwon haukan kare ba a yi masa zato. Ɗan kwikwiyo ma yana iya ɗauke da shi, kuma in alamunsa suka bayyana a jikin mutum kusan babu mai tashi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa yana kashe mutum kusan 59,000 a shekara, galibinsu a Afirka da Asiya, kuma kusan huɗu cikin goma yara ne ƴan ƙasa da shekara 15. Allurar da ake yi wa wanda aka ciza tana aiki sosai in aka fara da wuri, tun 1885 da masanin kimiyya Luwi Fasto ya fara gwada ta a Faransa. Nan gaba kuma, duk wanda haƙorin kare ya fasa wa fata, a fara wanke wurin da sabulu da ruwa mai yawa na minti 15 cur, kafin a nufi asibiti. Ba a sa toka, ba a sa gashin karen a kan ciwon.

Wannan ya ba ki amsar farko da za ki kai wa Hajiya. Ko da a ce kowa ya amince a rabu da Duna, ba yanzu ba. Karen da ya ciji mutum ana tsare shi a sa masa ido aƙalla kwana 10, a ga ko yana ci yana sha, ko halinsa ya sauya. In aka yar da shi, an yar da shaidar da likita yake buƙata. Ki sa ƙanen mijin naki ya je wajen likitan dabbobi na ma'aikatar kiwo ya yi bayani. Shi zai faɗi ranar da za a yi wa Duna allurar haukan kare, wadda ake fara yi tun kare yana wata uku, da sauran rigakafin cututtukan ƴan kwikwiyo, da maganin tsutsar ciki da na kaska. Ku karɓi kati ku adana.

Yanzu tambayarki. Duk abin da kika lissafa, ban ga mugun iri a ciki ba. Yaro na gani, wanda aka yaye da wuri aka kuma kulle shi shi kaɗai.

Ɗan kwikwiyo ya kamata ya cika sati takwas wajen uwarsa da ƴan uwansa, kuma ba don nono kaɗai ba. A waɗannan makonnin suke kokawa da juna. In ɗaya ya ciji ɗan uwansa da ƙarfi, wancan ya yi ƙara ya bar wasan, sai mai cizon ya gane cewa matsa haƙori yana kashe wasa. Uwar ma tana kwaɓarsu. Duna an cire shi daga wannan makarantar tun sati biyar, bai san iyakar bakinsa ba. Ga shi kuma ya kai lokacin famfara. Haƙoran nono 28 ne a bakinsa, yanzu suke zubewa, zuwa wata shida ko bakwai manya 42 su maye gurbinsu. Dasashinsa ƙaiƙayi yake, duk abin da ya samu sai ya tauna, kuma takalmi ya fi komai daɗi a wajensa don yana da laushi, yana da ƙanshin mutanen gida. Ki tuna yadda naki suke kai komai baki lokacin haƙori. Bin ƙafafu kuwa, karen da ya yini a ɗaure, aka kwance shi, ya ga yara suna gudu suna ihu, me kike so ya yi? A ganinsa an buɗe fagen wasa.

Maganar ƙanen mijinki ce zan ɗan daɗe a kai, don ba shi kaɗai ke faɗinta ba, kuma da kyakkyawar niyya ya faɗa. An yi muku sata, yana son gidan yayansa ya samu tsaro. Sai dai hanyar ba ta kaiwa inda yake so. Akwai wasu masana biyu a Amurka, Skot da Fula, da suka shafe shekara 13 suna nazarin yadda ƴan kwikwiyo ke tasowa, suka fitar da sakamakon a 1965. Abin da aka gano a wannan aikin, kuma likitocin dabbobi suke aiki da shi har yau, shi ne daga wajen sati uku zuwa sati 12 ɗan kwikwiyo yake yanke hukunci kan abin da yake na gida da abin da yake na tsoro. Abin da ya saba da shi cikin lumana a wannan lokacin ya zama nasa. Waɗanda aka bari ba su yi hulɗa da mutum ba har sati 14, sun taso suna gudun mutane kamar namun daji. Ashe ɓoye kare tsoro yake koya masa. Kin gani da idonki: Duna bai tari almajirin nan ba, bayan randa ya shige. Gurnanin nan roƙo ne, yana cewa kada a matso. Matsoracin kare in ya girma shi ne mai cizo, kuma ba ɓarawo yake ciza ba, don ɓarawo sau ɗaya yake zuwa a shekara in ma ya zo. Wanda yake samu shi ne almajiri, da ɗan maƙwabta da ya shigo ɗaukar ƙwallo, da mai kawo ruwa.

Ba ma sai mun je Amurka ba. Ki dubi karnukan Buzaye da na Fulani a rugage. Cikin yara da awaki da raƙuma suke tashi, ba wanda ya kulle su a duhu. Amma baƙo ya doshi wurin da dare ya ji yadda ake haushi. Karen Azawak da Turawa suke kiwo a ƙasashensu suna alfahari da shi, daga irin wannan rainon ya fito. Kare yana gane baƙo ne in ya san na gida. Barkono kuwa, kin kyauta da kika ƙi. Ciwon ciki da zawo kawai yake sawa.

Ba zan ɓoye miki ba, lokacin da ya fi sauƙi ya ɗan wuce. Abin da da kwana uku ya isa a sati takwas, yanzu sai an yi makonni. Amma wata huɗu icce ne ɗanye, yana tanƙwaruwa.

Ki fara da raba shi da turke. A zagaye masa wani gefe na tsakar gida da waya ko zana mai ƙarfi, inda zai riƙa ganin shige da ficen mutane, yana jin muryoyinku, amma ba ya kai wa ga ɗakuna. A yi masa rumfa. Kin san zafin garin nan a Afrilu da Mayu, kuma kare ba ya gumi kamar mu, da haki yake sanyaya jiki, rana tana iya kashe shi a ɗaure. Na san ruwa abin lissafi ne a Damagaram, amma kaskonsa kada ya bushe. Abinci sau uku a rana a wannan shekarun, a kan lokaci, tuwo ko shinkafa da ɗan nama, kifi ko dafaffen ƙwai, don tuwo zalla ba ya gina jikin mai girma. Ki ɗebar masa kafin ki zuba miya, saboda albasa da tafarnuwa suna lalata jinin kare in sun yi yawa. Ban da dafaffen ƙashin kaza, yana tsagewa ya soke hanji. Ban da goro. In ya yi rashin lafiya kuma kada a ba shi maganin mutane ba da izinin likitan dabbobi ba.

Cizon wasa maganinsa ɗaya ne, shi ne wanda ƴan uwansa za su yi masa da yana cikinsu. Da haƙori ya taɓa fata, wasa ya ƙare. A ce "bari" sau ɗaya, a tsaya cak, a juya masa baya ko a fita daga shingen na ɗan lokaci, sannan a dawo a miƙa masa abin da aka yarda ya tauna, kamar igiya mai kauri da aka ƙulla ko tsohon tsumma da aka tufka. Kada ki ba shi tsohon takalmi, don ba zai bambanta shi da na Hajiya ba. Za ku maimaita wannan har ku gaji, kuma sai kowa ya yi iri ɗaya, in wani ya hana wani ya bari an koma baya. Duka ba ya cikin tsarin. Kare yana haɗa sakamako ne da abin da yake yi a daidai wannan daƙiƙar. In kika tarar da takalmin da ya tauna tun safe kika dake shi da rana, abin da ya koya kawai shi ne hannunki abin tsoro ne. Wannan noƙewar da yake yi da mutane ke cewa ya san ya yi laifi, fuskarki ya karanta.

Yaran ma suna da nasu karatun. Ba gudu a gabansa, ba jan wutsiya ko kunne, ba a taɓa shi yana cin abinci ko yana barci, kuma barcin nan da yawa yake buƙata, ɗan kwikwiyo yana iya kwashe mafi yawan yini yana barci. Ƙaramar kada a bar ta da shi ba babba a wurin, ko na minti ɗaya. Ki koya musu karanta jikinsa. In ya kwantar da ƙirji ƙasa ya ɗaga ƙugu sama, wasa yake nema. In ya cusa wutsiya tsakanin ƙafafu, ya kwantar da kunnuwa, yana lasar baki ko yana hamma ba barci, ya kau da kai, a takure yake, a ba shi wuri. Kaɗa wutsiya ma ba kullum murna ba ce, in jikin ya sandare a ja baya. Abu ɗaya da nake roƙonki: kada a taɓa dukansa don ya yi gurnani. Gurnani gargaɗi ne. Karen da aka hana gargaɗi, wata rana zai ciza ba sanarwa.

Shi kuma almajirin, in ya yarda, don shi ma yaro ne kuma yana da haƙƙin ya ji tsoro, ga yadda za a yi bayan an gama kwanakin sa ido an yi allura. Duna yana cikin shingensa, yaron ya tsaya nesa, inda karen yake ganinsa amma bai fara gurnani ba. Kada ya zuba masa ido, kada ya miƙa hannu. Ya jefa masa ɗan guntun busasshen kifi ko ƙuli-ƙuli mara yaji, ya wuce abinsa. Gobe haka, jibi haka, ana matsowa kaɗan-kaɗan. In ya koma gurnani, an yi sauri, a ja baya. Duna ne zai zo da kansa, ba a jawo shi. Haka za a yi da sauran masu shigowa gidan kullum, maza da mata, mai rawani da mai hijabi. Idan likita ya ce rigakafi ya kama, a sa masa igiya a riƙa zagayawa da shi bayan sallar asuba kafin ƙasa ta yi zafi, ya ga ƴan kabu-kabu, ya ga amalanken jaki, ya ji hayaniyar unguwa daga nesa. Ba ranar Alhamis za a kutsa da shi tsakiyar kasuwar Dole ba, wannan firgita shi zai yi. In kuna da niyyar sake ajiye awaki ko kaji, yanzu ne lokacin da zai saba da su, yana kan igiya, ana yaba masa in ya natsu.

Kukan dare kaɗaici ne da ƙarfin da bai samu inda zai zuba ba. Wasa mai kyau da yamma, abinci, a bar shi ya yi bayan gida, sannan makwanci kusa da inda yake jin motsinku, da tsohuwar rigar ɗanki a ciki. Yawanci yana raguwa cikin ƴan kwanaki. Ki shiga wajen maƙwabta ki ba su haƙuri tun kafin maganar ta yi tsami, ki gaya musu ana kan gyara.

Sai Hajiya, kuma kada ki ɗauki maganarta da wasa. Tsohuwa ce mai kula da tsarkinta, an shigo mata da dabbar da ba ta so ba tare da an tambaye ta ba, ta tauna mata takalma, ta fitar wa jikarta jini. Ko ni ce zan yi faɗa. Ni ba malama ba ce, ku tambayi malamin da ta yarda da shi, amma ga abin da yake sananne. A mazhabar Malikiyya da muke bi, jikin kare mai rai da yawunsa ba najasa ba ne, ko da yake an yi umarni a wanke ƙwaryar da ya sa baki sau bakwai. Hadisi ya yi gargaɗin raguwar lada ga mai ajiye kare, ya cire na farauta da na kiwo da na gona, kuma malamai da yawa sun haɗa da na tsaron gida in akwai buƙata. Ana ba da labarin Ibn Abi Zaid, mai Risalar da ake karantawa a zaurukanmu, cewa da katangar gidansa ta faɗi ya ajiye kare, aka ce masa Imamu Malik ya ƙi haka, ya ce da Malik ya riski wannan zamani da zaki zai ajiye. Ita ma Hajiya ta san hadisin mutumin da aka gafarta wa don ya shayar da kare mai ƙishirwa, kuma yar da ɗan wata huɗu a dajin nan barinsa ne ga ƙishirwa. Amma ba da hujja za ki ci wannan ba, da iyaka za ki ci. Duna ba ya shiga ɗaki, ba ya zuwa inda take salla, ba ya kusantar buta da randa da kwanuka, kaskonsa daban, a kwashe kashinsa kullum. Ki saya mata sabon takalmi, a riƙa ɗora na kowa a sama.

Maganar kuma ba taki ba ce ke kaɗai. Maigida ne ya kawo karen, Hajiya uwarsa ce, mai shawarar ɗaurewar kuma ƙanensa ne. Ki kira shi a waya ki karanta masa wannan, shi ya roƙi Hajiya ta ba da wata biyu a gwada, shi kuma ya gaya wa ƙanensa an sauya tsari. In daga bakinki ya fito, sai ya zama suruka ta fifita kare a kan uwar miji, kuma kin san yadda irin wannan magana take daɗewa a gida. Ki gaya masa gaskiya ɗaya kuma: ɗan wata huɗu ba ya gadin komai. Sai ya doshi shekara kafin haushinsa ya zama na tsaro, kuma tsakanin nan akwai ƙuruciyar wata shida zuwa sama, lokacin da zai yi kamar ya manta duk abin da aka koya masa. Kafin nan katanga da kwaɗo da fitila su ne masu gadinku.

Ɗanki kuwa, soyayyar da yake yi wa Duna abin amfani ce. Ki ba shi aikin ruwa da share wuri, da ɗan horo na minti biyar safe da yamma in ya dawo daga lakwal, kina kusa: ya kira sunansa, in ya zo ya ba shi lada nan take, daga nan "zauna", daga nan "bari". Ya wanke hannu da sabulu bayan kowane wasa. Amma ki gaya masa tun yanzu cewa gwaji ake yi, kuma manya ne za su yanke hukunci, yajin cin abinci ba ya ciki.

In wata biyu suka cika Hajiya ba ta sauko ba, ko ke kika ga nauyin ya fi ƙarfinki, don kare yana iya kai shekara goma ko fiye kuma ke ce a gida, ba laifi ba ne ku rabu da shi. Haka nan in ya fara cizo na gaske, ba na wasa ba, ku koma wajen likitan dabbobi ba da jinkiri ba. Sai dai rabuwar ta zama ta hannu da hannu. Ku nemi mai lambu a wajen Mirya, ko makiyayi, ko mai gona da ke buƙatar kare, ku miƙa shi da katin allurarsa, ku faɗi halinsa yadda yake, da abin da yake tsoro da abin da ya koya. Ku tafi da yaron ranar da za a kai shi, ya ga inda Duna zai zauna da wanda zai riƙa ba shi ruwa.

Allah ya ba yarinya lafiya. Ki gaishe da Hajiya.